Wa Ya Tashi Maraɗi Daga Kwari?

Ga wani ƙulli da nake so mai karatu ya taya ni kwancewa. Garin da ya haura shekara 200, mai sarki da fada da tambura, me ya sa titunansa suka miƙe sak? Duk wanda ya san cikin birnin Kano, ko Katsina, ko Damagaram, ya san halin tsohon garin Hausa: lungu ya haifi lungu, baƙo ya shiga da hantsi, azahar ta same shi yana neman mafita. To, shiga Bagalam ko Limanci ko Maradawa ko 'Yandaka a Maraɗi. Sunayen unguwannin na kaka da kakanni ne, tituna kuwa a jere suke, kowane ya yanke ɗan'uwansa daidai wa daida. Ashe unguwannin sun girmi ƙasar da suke zaune a kai. A da, tsohon garin yana can ƙasa, cikin kwari. Wani ne ya tashe shi, da sarkinsa da kasuwarsa da limamansa. Wane ne?

Wanda na fara zargi shi ne wanda ya saba irin wannan aika-aika: girgizar ƙasa. Tana da tarihin korar garuruwa. Ranar 7 ga Yuni 1692, a tsibirin Jamaika, birnin Port Royal yana cikin hada-hadarsa ƙasa ta motsa. A kan yashi mai jiƙe da ruwa aka gina shi, girgizar ta mai da yashin nan ruwa-ruwa, kusan kashi biyu cikin uku na garin ya nitse a teku, mutum wajen 2,000 suka rasu nan take. Waɗanda suka tsira suka ƙetare gaɓa suka kafa Kingston, wadda ita ce babban birnin ƙasar a yau. Gari ya rushe, mutane sun koma sabon wuri, an zana sababbin tituna. Labarin ya yi kama da namu ƙwarai, har na ji kamar na kama ɓarawon.

Sai dai shaida ta ƙi. Jamaika da tsibiran da ke kusa da ita suna girgiza ne domin suna zaune a kan mahaɗar manyan faifayen ɓawon duniya guda biyu, na Karibiyan da na Amurka ta Arewa, masu gogar juna da tafiyar kimanin santimita 2 a shekara. Duwatsu su maƙale, ƙarfi ya yi ta taruwa shekara da shekaru, ran da suka kuɓuce sai gari ya ji a jikinsa, kamar yadda Haiti ta ji ranar 12 ga Janairu 2010. Maraɗi kuwa tana cikin tsakiyar faifan Afirka, nesa da kowace mahaɗa, a bakin wani tsohon kwarin yashi da laka wanda ke kwance a kan dutse mai daɗaɗɗen shekaru. Yammacin Afirka takan motsa jefi-jefi: Akara a 1939, Gini a 1983, Kwoi ta kudancin Kaduna a 2016, Mpape ta Abuja a 2018. Ba a san Maraɗi da girgizar da ta kayar da gari ba. Na sallami wannan, na juya ga na biyu.

Yaƙi. Nan kam akwai abin dubawa, don yaƙi ne ma ya kawo sarautar nan. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a Maraɗi. Gobirawa ma, bayan sun sha kashi a karon Gawakuke a 1836, suka zauna Tibiri, tafiya kaɗan daga nan. Kwarin suka zaɓa da gangan: kurmi ne mai duhu da ke tauye dawakin abokan gaba, ruwa kusa, fadama mai albarka. Daga nan sarki Ɗan Baskore ya riƙa kai hari har cikin ƙasar daular Sakkwato. An yi rikicin cikin gida na Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarnin. A 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa, Birnin Ƙonni ta shaida. Duk wannan ya zo ya wuce. Maraɗi tana nan cikin kwarinta.

To, Nasara fa? Tituna miƙaƙƙu ai hannunsu ne, ko ina suka zana gari haka suke yi. Wannan zargi ya fi sauran ƙarfi, kuma rabinsa gaskiya ne. Amma Faransawa sun yi shekaru masu yawa suna mulkin ƙasar, suna karɓar haraji, suna awon gyaɗa, tsohon garin bai gusa ba. Bahaushe ba ya barin gidan ubansa da kushewar kakansa don kwamanda yana son titi. Sun zana sabon gari, gaskiya ne. Wani ne ya riga su rusa tsohon.

Waɗanda nake zargi sun ƙare. Saura wanda ban taɓa kallo ba. Maƙwabci ne. Kullum yana kwance a gefen gari. Yara na wasa a kansa. Jakuna na taka shi. Yawancin shekara ba ya ko motsi.

Gulbi ne.

A daminar 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya batse, ya shiga tsohon garin ya yi masa mummunar ɓarna. Bayan nan ne hukumar mulkin mallaka ta hau da mutane kan tudu, aka yanka filaye, unguwanni suka tafi da sunayensu, zuwa 1946 gari ya soma zama a sabon mazauninsa.

Abin da ya sa ya kuɓuce wa zargi shi ne siffarsa. Da rani rairayi ne zalla, sai ka ƙetare shi ba ka jiƙa takalmi ba. Ruwansa na 'yan watannin damina ne, kuma mafi yawansa ba a sararin Maraɗi yake zuba ba. Daga tuddan ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya wuce kusa da tafkin Madarunfa, ya gaida Jiratawa, ya shafi Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya karkata ya koma Nijeriya ya faɗa Rima. Hadari kan iya sauka can kudu inda babu wanda ya gan shi a nan, ƙoramu su tattara shi, ya iso kwari a dunƙule. Wannan wurin ne ya fi taɓa ni: ƙasar da kakanni suka baro da takobi a bayansu, ita ce bayan fiye da ƙarni ta aiko wa jikoki ruwan da ya sake tashin su.

Kuma bai yi aikin shi kaɗai ba. Abokin ta'asarsa yana cikin gida, laka. Ginin tubali yana jure ruwan da ya zo daga sama, muddin an yi yaɓe an gyara indararo. Ruwan da ya kwanta a gindinsa ne ajalinsa. Tushe ya jiƙe, ya yi laushi, nauyin azara da ƙasar rufi ya danno, bango ya durƙusa. Rumbu ma haka, kuma da damina ɗan hatsin da ya rage a cikinsa shi ne abincin gida kafin kaka. Ba a bukatar igiyar ruwa mai ƙarfi, ya isa ruwa ya tsaya kwana ɗaya ko biyu. Duk abin da ya jawo mutane kwarin, kusancin ruwa da ƙasa mai taushi da zurfin wuri, shi ya ba da su.

A kan tudun ne Maraɗin da muka sani ta girma, ta gyaɗa da fatauci da alhazai, har ƙidayar 2012 ta same ta da mutum fiye da 260,000. Gulbin kuwa an rage masa ƙarfi tun da aka gina madatsar Jibiya, manoman rani na Jiratawa daga ƙarƙashin ƙasa injuna ke jawo musu ruwa. Amma kada mai karatu ya ɗauka an rufe shari'ar. A ƙarshen Agustan 2024 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a kan tudun kansa, tituna suka zama ƙoramu suna gangarawa kwari, gidaje suka faɗi, aƙalla mutum 15 suka rasu a cikin birnin.