Tsakar Gida Ta Kowa Ce, Amma Wa Zai Share?

Gidan da muke haya a Sakkwato yana da ƙofa goma sha huɗu, famfo ɗaya, makewayi biyu, da zaure ɗaya wanda kowa ke bi ya shiga. A cikinmu akwai malaman makaranta, da ɗan sanda, da ma'aikaciyar asibiti, da tela, da masu sayar da kayan mota. Akwai Hausawa, da mutanen Zuru, da Yarbawa, da Ibo, Kirista da Musulmi. In ka leƙa ɗakin kowannenmu za ka tarar an share, an gyara gado, tukwane suna ƙyalli. Amma da ka tako waje, sai ka toshe hanci. Mun yi shekaru a haka, kowa yana ɗora laifi a kan maƙwabcinsa, har sai da abin ya kusa cin ran yarinya.

Irin wannan zama ba daɗaɗɗe ba ne a garin. A gidan gargajiya akwai maigida ɗaya, in ya yi gyaran murya a zaure kowa ya shiga taitayinsa. Amma da Sakkwato ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sa'an nan na Jihar Sakkwato a 1976, sai ma'aikata suka yi ta kwararowa daga ko'ina, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Shugaba Shehu Shagari, ɗan ƙasar nan, ya hau mulki a 1979 da shirin gina gidaje masu sauƙin kuɗi 2,000 kowace shekara a kowace jiha, ko da yake ba a cika adadin ba har soja suka kawar da shi a ƙarshen 1983. Gwamnatoci na baya kuma sun ƙara nasu. Yau muna da rukunin gidaje irin na Gwiwa, da Arkilla, da Bado, da Kalambaina, yawancinmu kuwa muna cikin gidajen haya na ɗaki ciki da falo. Ko na gwamnati ne ko na attajiri, ciwon ɗaya ne: filin da ke tsakanin ƙofa da ƙofa ba shi da mai shi. Mai gidanmu ba mu ganinsa sai shekara ta kewayo.

Iyayenmu sukan ba mu labarin duba-gari, wanda in ya shigo gida sai ya buɗe randa, ya leƙa masai, in ya ga tsutsa a ruwa a ci maigida tara. Sukan kuma tuna Yaƙi da Rashin Ɗa'a na Janar Buhari da Idiagbon a 1984, da sharar Asabar ta ƙarshen wata wadda ta biyo baya. Mu lokacin muna goye, ko kuwa muna rarrafe. An ce garuruwa sun yi fes. Amma tsabtar tsoro ce, gama da bulala ta kau sai shara ta komo wurinta.

Abin da ke ɓata zama

Ba manyan laifofi ba ne ke raba maƙwabta, ƙanana ne waɗanda ake maimaitawa kullum. Mace ta zubar da ruwan wanke-wanke a ƙofar wata. Yaro ya yi bayan gida a bakin masai, uwarsa ta ce ba nata ba ne. Wani ya cika igiyar shanya kwana uku. Famfo ya kawo ruwa da asuba, mai jarka goma ya tare bakinsa, saura su sayi na 'yan garuwa. Ledar ruwa ta toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro kuwa ba ya bukatar fiye da kwana goma daga ƙwai zuwa mai cizo. In aka ɗauke wuta a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 kowa yana kwana a waje, sai wani ya tada ƙaramin janareta a lungu, daidai tagar ɗakin da jariri ke barci. Ba ƙarar kaɗai ba ce illar. A cikin hayaƙin akwai iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, ta kuwa sha hallaka iyali ɗungum cikin barci a ƙasar nan.

A nan tilas mu faɗi gaskiya a kanmu. Mu ma, masu bi, mun sha tara mutane a falo mu yi waƙa da ganga har tsakar dare, alhali tela yana da ɗinkin salla zai tashi da sassafe, ma'aikaciyar asibiti kuma ta dawo daga aikin kwana. Mun zaci tun da abin kirki muke yi, ba wanda ya isa ya yi ƙorafi. Ashe haƙuri suke ta yi da mu.

Mafi muni shi ne zaure. Ƙwan fitilarsa ya mutu, ba wanda ya sake shi. Sannu a hankali samari suka mai da wurin majalisa, daga magariba har dare ya raba. Da safe mukan tarar da guntayen sigari da kwalaben maganin tari, irin mai kodin wanda gwamnati ta hana a 2018. 'Yan matanmu suka daina yarda a aike su bayan isha'i. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, domin ana tsoron bakin iyayensu.

Daminar 2021

A shekarar nan cutar amai da gudawa ta mamaye Najeriya: mutum fiye da 100,000 aka yi zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka mutu, Sakkwato kuwa tana cikin jihohin da abin ya taɓa. A watan Agusta, bayan ruwa mai ƙarfi, masanmu ya cika ya malalo cikin kwata, ta nan kuwa bututun famfo ya bi, ga shi da tsaga. Kwana biyu sai 'yar tela, mai shekara huɗu, ta kwanta. Ma'aikaciyar asibitin nan ce ta haɗa mata ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, tana ba ta kaɗan kaɗan har aka kai ta asibiti. Ta rayu. Amma mun ga idonta ya faɗa, ba kuwa wanda ya ƙara cewa kwata ba tasa ba ce.

Ran Asabar muka shimfiɗa tabarmi, maza da mata. Wani tsohon Alhaji, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, ya dube mu ya ce, "Malam, ku da kunka yi karatu, ku rubuta muna abin da munka ce, don gobe kar wani shi ce bai ji ba." Muka yagi takarda daga littafin aji muka rubuta. Kowace ƙofa tana da ranar wanke makewayi, mabuɗi yana bin mai ranar. Jarka biyu a famfo, sai kowa ya samu kafin a koma. Janareta a bayan gida, a kashe ƙarfe goma sha ɗaya. Waƙa da rediyo su sauka ƙarfe goma. Kowace ƙofa naira 200 a wata domin ƙwan fitila da yasar masai, kuɗin a hannun mata biyu, ɗaya daga zumuntar mata, ɗaya matar Alhaji.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne yadda za a yi da wanda ya karya. Ɗan sandanmu ya so a riƙa kai mutum caji ofis. Muka ƙi. A Ingila, inda ƙananan hukumomi ke da manyan benaye na haya, an yi doka a 1998 wadda ta ba kotu ikon hana mai fitina shiga wani wuri ko yin wani abu, in ya saɓa a ɗaure shi. Waɗansu samari suka mai da takardar abin taƙama, a 2014 kuma aka sake dokar. Wata malama 'yar Amurka, Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar Nobel a 2009, ta bincika yadda manoma da masunta ke riƙe abin tarayya, ta ga cewa doka takan daɗe in masu wurin ne suka yi ta da kansu, horo kuma ya fara da sauƙi yana hawa. Haka muka shirya: da fari mutum ɗaya ya same ka a keɓe, ba a gaban matarka ko 'ya'yanka ba, na biyu mutum biyu, na uku taron gida da tara, sai an gaza a je wurin mai unguwa. Mu mun san wannan tsari daga Matiyu sura 18, Alhaji kuwa ya ce haka ya ga iyayensa suna yi.

Sau ɗaya muka kai ga mai unguwa, a kan wani da ya rantse ba mai sa matarsa wanke masai. Ya biya tara yana zagi, da shekararsa ta cika ya tashi.

Sai maganar zaure. Muka sa ƙwai mai aiki da hasken rana, dattawa uku kuma suka fara shimfiɗa tabarma a wurin bayan isha'i suna hira. Ba a kori kowa ba. Baƙin samarin suka janye da kansu. Waɗanda suka rage uku ne, dukansu 'yan gida, ɗaya kuwa ɗalibinmu ne a dā, ɗan wani dattijon ikilisiya. Da muka je wurin uban a keɓe, ya ce, "Malam, ɗana ba ya shan kome." Muka ajiye kwalbar a gabansa muka fita. Wata guda bai gaishe mu ba. Daga baya shi da kansa ya kai yaron wurin likita, tela kuma ya ɗauke shi koyon ɗinki. Na biyu ya tafi Legas. Na uku har yanzu yana nan, ya dai koma shan abinsa a kangon da ke bayan gidan, uwarsa kuwa ba ta yarda a yi mata zancen.

Kuɗin wata ya kai naira 500 yanzu, ƙofa biyu kuma suna da bashin wata uku. Sabon ɗan haya ya shigo makon jiya da awaki biyu ya ɗaure su a gindin famfo. Takardar tana nan manne a bangon zaure, ruwa ya fara cinye tawadar, Alhaji kuma ya ce mu zo da biro ran Asabar.