Yuka: Tsiron Hamada da Ya Zama Hajar Kasuwar Duniya

A yankunan hamada na kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meksiko akwai wani tsiro mai dogayen ganyaye masu tsini kamar takobi, wanda ake kira yuka. Tsiron yana da jinsuna fiye da 40, kuma ko da yake ba a noma shi kamar hatsi, ya shiga sahun albarkatun daji da masana'antun abincin dabbobi da na lemon kwalba ke saye.

Sunan tsiron yakan rikitar da 'yan kasuwa, domin a harshen Sifaniyanci na Kudancin Amurka da wannan lafazi ake kiran rogo. Asalin rikicin ya faro ne tun kafin 1753, shekarar da masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya tabbatar wa tsiron wannan suna a rubuce. Amma rogo da yuka ba dangin juna ba ne, kuma kasuwarsu ba ɗaya ba ce.

Tun kafin zuwan Turawa, ƙabilun asali irin su Nabaho da Hofi da Zuni sun daɗe suna cin moriyar yuka. Sukan daka saiwarta su kaɗa a ruwa har ta yi kumfa, su wanke gashi da tufafi, musamman a lokutan bukukuwan al'ada. Daga zaren ganyenta suke tufka igiya, su saƙa takalma da kwanduna da tabarmi, yayin da 'ya'yan wani jinsin ake gasa su ko a shanya don ajiya. A ƙasar El Salbado furen yuka shi ne furen ƙasa, kuma ana soya shi da ƙwai a ci. Jihar Niyu Meksiko ta Amurka ma ta ɗauke shi a matsayin furenta tun 1927.

Sirrin wannan kumfa shi ne wani sinadari mai suna safonin, kuma shi ne ya buɗe wa tsiron ƙofar kasuwar zamani. A jihar Baha Kalifoniya ta Meksiko ana sare kututturen jinsin da ke fitowa a hamadar Mohabi, a kai masana'anta a markaɗe. Daga nan ko dai a busar a niƙa ya zama gari, ko kuwa a matse ruwan a dafa shi har ya yi kauri. Masu haɗa abincin kaji da na sauran dabbobi suna zuba kaɗan daga cikinsa domin rage iskar amoniya da ke tashi daga kashin dabbobi, wadda ke cutar da numfashin kaji da na ma'aikatan gona. Har ila yau ana amfani da shi wajen sa wasu lemuka kumfa, da kuma haɗa sabulun wanke gashi. Haramcin da Tarayyar Turai ta yi a 2006 na sa magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don saurin girma ya ƙara jawo hankalin masana'antu ga irin waɗannan sinadarai na tsirrai.

Sai dai wannan ciniki yana da rauni a gindinsa. Mafi yawan yukar da ake sarrafawa daga daji ake saro ta, tsiron kuwa yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya kai girman sara. Bugu da ƙari, ba ya yin iri sai da taimakon wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi na dare wanda ke kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. Idan farashi ya tashi, sara yakan wuce abin da daji zai iya mayarwa, abin da ya sa al'ummun Baha Kalifoniya da ke dogaro da tsiron suka sha kokawa kan masu saran sata. Kazalika, kaso mafi tsoka na riba yana tsayawa ne a hannun mai masana'anta, ba mai gatari ba.

Wannan darasi ya shafi Nijeriya kai tsaye. Itacen aduwa da ke ko'ina a arewacin ƙasar nan yana ɗauke da safonin, kuma kakanninmu sun yi wanki da ɓawonsa da saiwarsa. Ƙaron da ake tsinta a Borno da Yobe da Jigawa kuwa, akasarinsa ɗanye ake fitar da shi zuwa ƙasashen waje, inda ake tace shi a sayar da tsada. Abin da ya mayar da yuka haja shi ne binciken da ya gano sinadarinta, da masana'antar da aka kafa kusa da inda take fitowa. Matuƙar ana son aduwa da ƙaro su bi wannan sahu, wajibi ne jari ya shiga bincike da sarrafawa, tare da dokar da za ta ƙayyade sara da kuma shirin dashe tun kafin kasuwa ta buɗe.