Hattara da Na'urar "Hango Zinare Daga Nesa"

Jama'ar Garun Malam, Kura da Bunkure, a yi hattara. Akwai tallar da ke yawo a wayoyi ta Facebook da TikTok: ɗan akwati mai eriya da fitilu, wai yana jiyo zinare daga nisan kilomita guda ko fiye, ya nuna maka inda za ka haƙa. Tun da zinaren Jado ya ɓulla a arewacin Nijar a 2014, matasa suka yi ta kwarara ta Agadez, kasuwar irin waɗannan kaya ta buɗe. Kafin wani ya karyar da kadararsa ko ya jinginar da gonarsa ta Kadawa, ya tsaya ya ji.

Na'urar gano ƙarfe ta gaskiya tana nan, ba a musu. Faifanta naɗin wayar jan ƙarfe ne da ke tura maganaɗisu cikin ƙasa, in ya ci karo da ƙarfe sai ta yi ƙara. Amma ƙarfin yana mutuwa da an ɗan yi nisa. Ƙwayar zinare sai tana kusa, kamar taƙi ɗaya ko biyu. Ko tukunyar ƙarfe ce da wuya a jiyo ta in ta wuce mita biyu. Shi kuwa zinare ba gidan rediyo ba ne, ba ya aika komai cikin iska. Eriyar da kake gani tana juyawa, karkatar hannun mai riƙon ce ke juya ta, ko da shi kansa bai ankara ba.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 2013 kotu a Landan ta ɗaure James McCormick shekara 10 kan na'urar ADE 651, wadda ya ce tana gano bam daga nesa. Iraƙi ta kashe kimanin dala miliyan 85 a kanta, alhali asalinta abin neman ƙwallon golf ne da bai kai dala 20 ba. Sojoji na riƙe da ita a shingaye, bama-bamai na wucewa. Sai bayan harin Karrada a Bagadaza a 2016, da ya ci rayuka fiye da 300, aka ba da umarnin janye ta. In gwamnati guda ta faɗa wannan rami, ina ga manomi?

Ku kuma samarinmu masu gyaran rediyo da waya, da ke kwaikwayon zanen haɗin wayoyin na'urar hango zinaren daga intanet, neman sani ba laifi ba ne. Sai dai ƙarar da kuke ji, galibi siginar rediyo ko wayar da ke aljihunku ce. Kada ku sayar wa ɗan'uwa abin da ba ku gwada ba.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A kifa gwangwani goma a fili. Wani ya sa zoben zinare ƙarƙashin ɗaya ba tare da mai na'ura ya gani ba, sannan ya bar wurin. A maimaita sau goma. Mai canki-canka ma kan dace kamar sau ɗaya. In dillali ya ƙi, ko ya ɗora laifi kan zafin rana ko danshin ƙasa, ka riƙe kuɗinka, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Kuma kada wanda ya bi eriya ya sa diga a gefen hanyar ruwa. In ta ɓalle, gonakin maƙwabta ne za su sha. Dokar ma'adinai ta 2007 ma ta hana haƙa ba lasisi.

Ruwan Tiga da ke ratsa gonakinmu, da kwandunan tumatir da ake lodi a Kwanar Gafan, su ne arzikin da muka riƙe a hannu. Masu unguwanni da limamai, a taimaka a isar da wannan saƙo a masallatai da majalisu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.