Injin yankan itace ya ƙi tashi? Duba abu uku kafin ka kira makanike

Kana tsakiyar yankan katakon ɗakin kaji inji ya ƙi tashi, aiki ya tsaya, kuɗin lebura kuwa yana tafiya.

Ni da sifanar fulogi, sukundireba da buroshi nake farawa. Fulogi in ya yi baƙi ko ya jiƙe, goge shi, ka daidaita tazarar bakinsa 0.5mm. Sai matatar iska, garin katako ke toshe ta. Sannan mai: a Stihl da Husqvarna, fetur lita 5 man 2T mililita 100 ne. Fetur zalla yana cinye fistin, wanda ya haura wata guda kuma yana toshe kafireta.

Kashe inji kafin ka taɓa sarƙa. In ka ja igiya ta taho sakwaf, wannan kam sai makanike.