Kumbon da Ake Saye Gunduwa-gunduwa: Zubin Wata-wata da Makomar Shagon Unguwa

A watan Yunin 2013, bashi ya durƙusar da ModelZone, kamfanin da ke da shaguna 47 a Birtaniya, inda masu sha'awar tara ƙananan jiragen sama da na ƙasa da motocin ado ke zuwa sayayya. Wata biyu kacal bayan haka, a watan Agusta, wani kamfanin ɗab'i na Landan mai suna Eaglemoss ya fara fitar da ƙananan kumbunan shirin Star Trek, ɗaya duk bayan mako biyu, kowanne tare da 'yar mujalla mai bayanin yadda aka ƙirƙiro shi. Babu wata alaƙa tsakanin al'amuran biyu, amma wanda ya dube su tare zai ga inda kasuwar ta dosa: tana barin kantar mai shago, tana komawa hannun ɗan aiken da ke ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya a wata.

Masu wannan sha'awa galibi magidanta ne, waɗanda suka taso da kallon Star Trek, da aka fara nunawa a talbijin ɗin Amurka a 1966, ko Star Wars, da ya fito a 1977. A da, hanyar da aka fi bi wajen mallakar kumbo ɗaya ce. Mutum ya je shago, ya sayi kwali na kamfanin AMT ko Airfix ko Revell, ya dawo gida ya yanko sassan roba, ya manna da gam, ya yi fenti da hannunsa. Mai shagon ya san abokan cinikinsa, ya san wanda ke neman me, yakan kuma ajiye wa mutum kaya har ƙarshen wata.

Sabon tsarin ya zo ne daga masu buga littattafai kashi-kashi, sana'ar da ta daɗe a Turai. De Agostini, babban kamfani a wannan fage, an kafa shi a Italiya tun 1901, da taswirori ya fara. Dabararsu sananniya ce. A yi talla mai yawa a talbijin, musamman a watan Janairu, a sayar da fitowa ta farko da arha, sannan farashi ya koma yadda yake. Eaglemoss ya sayar da kumbon farko, Enterprise-D, a kan fam 1.99, daga baya kowane kumbo ya tsaya a fam 9.99. Masu sayar da jaridu sukan baje fitowa kaɗan na farko a kanta, daga nan sai wanda ya ba da sautu ake kawo wa. A daidai wannan gaɓar ne kamfani ke nuna wa mai saye ƙofar rajista: ka ba da lambar katin bankinka, a riƙa cire kuɗi, a riƙa aiko maka kumbo biyu duk mako huɗu, da kyaututtukan da ba a samu a shago.

Dole a yi wa tsarin adalci, domin ya yi abin da shago bai taɓa iyawa ba. Ƙera kowane sabon kumbo yana buƙatar a sassaƙa mazubin ƙarfe na musamman a masana'anta, a biya masu fim kuɗin lasisi, tun ba a sayar da ko ɗaya ba. Kamfanin da ya dogara da shaguna ba zai yi wannan kasadar ba sai a kan kumbon da kowa ya sani, shi ya sa aka shafe shekaru ana maimaita Enterprise da Millennium Falcon da 'yan tsiraru. Kamfanin da ke riƙe da sunayen dubban mutanen da suka yi alkawarin karɓar duk abin da ya fito ya san yawan da zai ƙera tun kafin injin ya tashi. Wannan tabbacin ne ya ba Eaglemoss damar kai jerinsa na yau da kullum har fitowa ta 180, ban da na musamman da manya-manya.

A cikinsu akwai irin USS Kyushu, kumbon da ya bayyana na 'yan daƙiƙoƙi, a ƙone, can a bayan hoto, a wani kashi na shirin da aka nuna a 1990. Masu shirya fim ɗin sun harhaɗa shi da ire-irensa ne daga ɓangarorin kwalayen AMT na shago, har da gangar alƙaluman maka da aka manna aka yi musu fenti. Shekaru sama da ashirin magoya baya na tsayar da hoton bidiyo suna ƙura ido don gane siffarsa. Rana ɗaya sai ga shi a akwatin gidan waya, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, sama ƙarfe ƙasa roba, a ɗore kan baƙin matashi da maƙalli mai kama da gilashi, lambarsa a rubuce ɗaro-ɗaro. Babu mai shagon da ke da hankalin kasuwanci da zai sari dozin na irin wannan ya jera yana jiran mai saye. Ga mazaunin ƙauye ko ƙaramin garin da shagonsa na ƙarshe ya rufe tuntuni kuwa, zubin wata-wata shi ne kaɗai ya rage.

Rufewar shagunan ma tana da dalilanta da suka girmi wannan tsari: tsadar haya da harajin wurin kasuwanci, rahusar intanet, da yaran da wasannin kwamfuta suka ɗauke wa hankali daga gam da fenti. Beatties, wanda ya yi suna a irin wannan sana'a kafin ModelZone, ya faɗi tun 2001. Toys R Us ya rufe rassansa na Birtaniya a 2018. Tsarin zubi ya tarar da shagon yana jinya ne. Abin da ya ƙara masa shi ne janye mutumin da ya fi kowa kashe kuɗi, wanda a da yakan leƙo duk Asabar ya sayi kumbo, ya haɗa da fenti da buroshi da wata mujalla. Kuɗin nishaɗin wannan mutum yanzu ana cire su daga asusunsa tun kafin ya fito daga gida.

Inda nake da ja da tsarin shi ne wajen lissafi. Fam goma duk mako biyu ba ya yi wa ma'aikaci zafi, kuma a kan wannan rashin zafin aka gina komai. Amma kumbo 180 a kan kusan fam goma-goma ya doshi fam 1,800, cikin shekara bakwai, kuma farashin ya ɗan ƙaru a hanya. Da za a ce wa mutum ran farko ya ajiye wannan kuɗi a kanta, da yawa za su juya. Sannan mai rajista ba ya zaɓe. Wanda ke son kumbo talatin zai karɓi ɗari da hamsin da bai nema ba, kuma da ya kai fitowa ta sittin, barin jerin da giɓi yakan yi masa nauyi fiye da ci gaba da biya. A shago mutum yana ɗaga kwali, ya duba ta tagar roba ko fentin tagogin kumbon ya zauna daidai, ko wani fiffike ya ɓalle, in bai yi masa ba ya ɗauki na kusa. Mai rajista cinikin biri a sama yake yi kowane wata. In kaya ya iso a karye, sai rubuta wasiƙa da jiran canji.

Duk da haka, wanda ya tsaya a tsakiyar irin wannan jerin yana da abin nunawa, tunda kowane kumbo cikakke ne. Haɗarin gaske yana cikin nau'i na biyu, inda ake sayar da kumbo ɗaya tal gunduwa-gunduwa. A 2015 De Agostini ya fito da Millennium Falcon mai tsawon santimita 80, kwafin wanda aka yi amfani da shi wajen ɗaukar fim ɗin Star Wars mai suna The Empire Strikes Back, a kashi 100, ɗaya duk mako. Kowane kashi fam 8.99, wato jimilla kusan fam 900 cikin shekara biyu. A wannan mako a aiko maka faranti biyu na gangar jiki da ƙullin ƙananan kusoshi, mako mai zuwa kujerar matuƙi da wayar fitila. Kwatanta da Lego, wanda a 2017 ya fitar da nasa Millennium Falcon mai gunduwa 7,541 a kan dala 800. Duka biyun kuɗi ne masu kauri, amma mai sayen Lego ya ga farashin gaba ɗaya, ya yanke shawara sau ɗaya, ya rungumo kwalinsa cikakke ya tafi gida. Mai haɗa na De Agostini, a mako na 99 ma, kumbonsa bai cika ba.

Abin ya yi kama da adashe, inda kowa ke zubi da yaƙinin cewa uwar adashe za ta kai zagayen ƙarshe. A 2022 aka ga abin da ke faruwa in ba ta kai ba. A watan Yulin shekarar Eaglemoss ya sanar da kotu niyyarsa ta miƙa kansa ga masu kula da kamfanonin da bashi ya ci, a watan Agusta kuma aka rufe harka. Shekarun da suka gabata sun yi wa duk mai ƙera kaya a Chaina yana sayarwa a Turai da Amurka tsanani: annobar korona ta tsayar da masana'antu, kuɗin dakon kwantena ɗaya a teku, wanda bai kai dala 2,000 ba kafin annobar, ya haura dala 10,000 a watan Satumbar 2021, ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai kuma ta ƙara takardun kwastam. Kamfanin da ya yi wa mutane alkawarin farashi da ranar kawo kaya na tsawon shekaru ba shi da wurin numfashi sosai a irin wannan yanayi.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu haɗa babban Enterprise-D mai tsawon santimita 70, wanda aka fara a 2021 aka kasa shi mataki 120. Mutane sun zuba ɗaruruwan fam, ga rabin farantin kumbo a kan tebur, wayoyin fitilu na reto, babu wuya babu injuna, babu kuma wata masana'anta a duniya da za a je a sayi sauran. Dokar Birtaniya ma ba ta da maganin wannan ciwo. Sashe na 75 na dokar bashin masu sayayya ta 1974 yana ɗora wa kamfanin katin bashi alhakin mayar da kuɗi in kayan da ya haura fam 100 bai iso ba, amma ƙunshin wata-wata galibi bai kai haka ba. Ko da ya kai, asarar ba a ƙunshin da bai zo ba take. Tana cikin waɗanda suka riga suka zo, aka biya, aka ɗaure da kusa, suka zama tarkace saboda babu cikonsu.

An yi sa'a, bayan watanni na zaman jira, Fanhome, wani reshe na De Agostini, ya karɓi lasisin ya ci gaba da aiko da sassan Enterprise-D. Kamfanin Master Replicas kuma ya sayar da ragowar kumbunan da suka maƙale a rumbunan ajiya daga 2023, bayan farashin wasu ya yi tashin gwauron zabi a eBay. Amma wannan ceto ya zo ne domin wani kamfani ya hango riba a ciki. Babu wata yarjejeniya da ta wajabta shi, kuma da kumbon na wani shiri ne maras farin jini, da wataƙila har yau rabin farantin yana nan a kan tebur. A lokacin da shagon unguwa ya rufe, abokin cinikinsa ya rasa wurin hira da mai ba shi shawara, amma duk abin da ya taɓa saye yana nan cikakke a ɗakinsa. Wannan bambanci, a ganina, ya fi duk wata rahusa ko kyautar rajista nauyi.

Akwai abin da ba ya shiga lissafin kuɗi, kuma shi ya fi damuna. A shago ne yaro ɗan shekara goma ke tsayawa bakin gilashi ya ga kumbon da wani dattijo ya haɗa ya yi wa fenti, ya tambaya, a nuna masa kwalin da ya dace da kuɗin aljihunsa. Zubin wata-wata yana buƙatar katin banki da albashi mai ɗorewa, don haka yana magana ne da waɗanda suka riga suka kamu da sha'awar tun suna yara, a shagunan da yanzu babu su. Yana girbin abin da shago ya shuka, shi kuma bai tanadi hanyar shigo da sababbi ba. A Japan, inda Bandai ke sayar da kwalayen Gundam tun 1980 a farashin da ɗan makaranta zai iya, kuma ake samunsu a manyan kantuna da ƙananan shaguna, sha'awar tana ta samun sababbin hannaye, duk da cewa can ma akwai masu sayar da kumbo kashi-kashi.

Tsarin ba zai tafi ba. Fanhome ya fara sabon jerin kumbunan Star Trek a 2024, Birtaniya kuma ta yi sabuwar dokar kare masu sayayya a shekarar, wadda ta ƙunshi tanadin tunatar da mai rajista da sauƙaƙa masa fita. Wannan zai taimaka wa wanda ya manta ana cire masa kuɗi, amma bai taɓa matsalar rabin kumbo ba. Abin da ya kamata a tilasta wa kamfanonin shi ne su rubuta jimillar kuɗi da yawan watanni da manyan haruffa kusa da farashin fitowar farko, su kuma ƙera sassan gaba ɗaya ko su ajiye kuɗin jingina kafin su karɓi zubin kowa.

Kafin a kai can, shawarata ga duk mai sha'awar shiga ita ce ya ninka farashin kashi ɗaya da yawan kashin, ya dubi jimillar da kyau, sannan ya tambayi kansa abin da zai rage a hannunsa in kamfanin ya tsaya gobe. In cikakkun kumbuna ne, ya shiga in aljihunsa zai ɗauka. In gunduwa-gunduwa ne, gara ya tara kuɗinsa ya sayi cikakken kwali, kuma in akwai shago a garinsu, ya saya a can.