Kassalafam: Wa zai ɗauki nauyin jinyar tsofaffi?

A Kassalafam da sauran unguwannin Hausawa na New Bell da ke birnin Duwala, abin kunya ne a ji cewa wane ya kai mahaifinsa gidan kula da tsofaffi. Tsoho a ɗakinsa yake jinya, matarsa ko 'yarsa ko surukarsa ce ke ɗawainiya da shi, masallacin unguwa kuma ya taimaka da abin da ya sawwaƙa. Sai dai zaman birni ya fara gajiyar da wannan al'ada, domin gidajen haya ne masu ƙunci, 'ya'ya sun watsu neman abinci, ga kuma dattawan da suka zo fatauci daga Garwa, Marwa, Ngaundare ko Kano, tsufa ya riske su ba iyali a kusa.

A Kamaru, ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a ce ke da alhakin tsofaffi, kuma ita ke ba da izinin buɗe gidajen jin ƙai masu zaman kansu, bisa wata dokar watan Disamba na 1977. Ma'aikatar lafiya kuwa ita ke ba asibitoci da ɗakunan shan magani lasisi. Ke nan duk wanda ke son buɗe gidan da zai ba tsoho makwanci da abinci tare da magani, sai ya ƙwanƙwasa ƙofa biyu. Babbar matsalar ita ce takardar izini ba ta zuwa da kuɗin jinya, abin da ya sa 'yan gidajen da ake da su galibi na coci ne ko na ƙungiyoyin agaji da ke rayuwa da sadaka.

Wannan ya sha bamban da yadda abin yake a wasu ƙasashe. A Amurka, shirin Medicaid da aka kafa a 1965 shi ne ke biya wa mafi yawan mazauna irin waɗannan gidaje, kuma gidan da ya kasa cika ƙa'idojin tsafta da kula yana iya rasa kuɗin gwamnati. Faransa ma tun 2002 take ba tsohon da ya kasa yi wa kansa hidima alawus, ko yana gidansa ko yana gidan tsofaffi. Wato dai a can kuɗi ke bin tsoho, shi ya sa lasisi yake da haƙora.

Gabatarwar kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ta ɗora wa ƙasa nauyin kare tsofaffi. Amma asusun fansho na CNPS yana biyan wanda ya kai shekara 60 ne bayan ya zuba kuɗi na watanni 180. Duk da an buɗe ƙofar zubi na ganin dama a 2014, mahauci ko dillalin goro ko mai gadi da ya riga ya tsufa bai ci moriyar wannan ba.

A watan Afrilu na 2023, ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da kashi na farko na shirin kiwon lafiya ga kowa a garin Mandjou. Shirin ya fi mayar da hankali kan yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu da ke biyan sefa 6,000, masu tarin fuka da masu ƙanjamau, sai masu wankin ƙoda da aka rage musu kuɗi zuwa sefa 15,000 a shekara. Babu shakka wannan ci gaba ne, amma jinyar wanda hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar tana nan a wuyan iyalinsa, ko a asibitin gundumar New Bell aka kai shi ko a Laquintinie. Idan ba a manta ba, a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, alkawarin da Kamaru ba ta cika ba.

Saboda haka, abin da ya fi dacewa da Kassalafam shi ne a tallafa wa tsoho a inda yake. Ya kamata hukumomi su sanya cututtukan tsufa cikin kashi na gaba na shirin lafiya, su kuma tura ma'aikatan jinya gida-gida. Su ma sarakunan unguwa da limamai da attajirai, lokaci ya yi da za su haɗa asusu na zakka da waƙafi mai rajista, wanda zai iya neman izini a hukumance domin dattawan da ba su da kowa. Masu iya magana sun ce abin da ka shuka shi za ka girba. Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.