Kafin ka saka manhajar "wanke waya", san yadda ƙwaƙwalwarta ke aiki

A rumfunan masu gyaran waya na Garwa da Marwa, kukan da ake yawan kawowa shi ne waya ta yi nauyi, tana maƙalewa. Maganin da wasu ke bayarwa kuwa shi ne manhajar da ke alƙawarin share ram, wato ƙwaƙwalwar aikin waya, cikin daƙiƙa guda. Jama'a a yi hattara da ita.

Wayar Tecno ko Itel da ke aljihunka Android ce, ita kuwa Android an gina ta ne a kan Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finlan a 1991. Zuciyar wannan tsari, wadda masana ke kira kanel, ita ke rabon ram tsakanin manhajoji. Duk sa'ad da WhatsApp ko Facebook ta nemi intanet ta layin MTN ko Orange, kanel na buɗe mata ƙofar sadarwa, wato soket, ya tanadar mata wuri biyu a cikin ram: na saƙo mai fita da na mai shigowa. Kamar randa ce da ruwa ke zama ciki kafin a ɗiba. Saƙon da ka aika yana nan ajiye har sai ɗaya ɓangaren ya tabbatar ya karɓa, shi ya sa inda sabis ke da rauni, kamar ƙauyukan hanyar Lagdo, ajiyar kan jima ba ta ragu ba. Kanel da kansa yake faɗaɗa wurin idan hanya ta yi kyau, ya matse shi idan ram ta fara ƙarewa. Idan abin ya tsananta, tsarin ya rufe manhajar da aka daɗe ba a taɓa ba. Ba ya jiran taimakon kowa.

To me manhajar wankin take yi? Takan kashe manhajoji, su kuma su sake tashi, su sake buɗe ƙofofinsu, batir da data su tafi a banza, ga zafin Afrilu na Garwa da waya ke fama da shi dama. Ita kanta tana cin ram, tana jawo talla. Tun daga Android 14, a 2023, Google ya hana kowace manhaja kashe aikin wata, don haka a sabuwar waya abin da take nuna maka zane ne kawai.

Goge hotuna ma ba ya ƙara ram, ma'ajiya yake buɗewa, kuma abu biyu ne daban. Haka lissafin "4+4" da ake rubutawa a kwalin waya: huɗun farko ne ram na gaske, sauran aro ne daga ma'ajiya, kuma bai kai shi sauri ba. Ka tambayi mai shago tun kafin ka ƙirga masa sefa.

Mai ƙaramar waya ya cire manhajojin da ba ya amfani da su, ya hana sauran shan data a ɓoye ta wurin saiti, ya koma Facebook Lite, wadda aka fitar a 2015 domin irin wayarsa.